Injiniyan da Ba a Sallama Ba

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano ta hannunmu, ya buɗe kwalinsa ya tarar ko kofin shayi ɗaya bai fashe ba, to ba ni ya kamata ya gode wa ba. Ni Ɗantani, sunana ne kawai a jikin allon ofis a unguwar Al Khabaisi, nan Dubai. Mai aikin yana can sitonmu na Al Qusais, wani dogon mutum ɗan Zariya mai furfura a gemu, sunansa Dikko. Shi yake tsara kwantena. Sai ya tsaya ya ƙura wa tulin kaya ido, sannan ya ce wannan a ƙasa, wancan a sama, wannan kuma a juya shi ya kalli ƙofa. 'Yan kasuwa suna kiransa Injiniya, yawancinsu a zatonsu irin laƙabin nan ne da muke liƙa wa duk wanda ya iya gyaran fanka. Ba laƙabi ba ne. Dikko yana cikin 'yan tsirarun da ƙasarmu ta tura waje suka koyo haɗa tauraron ɗan Adam, kuma akwai aikin hannunsa a jikin wanda aka harba.

Ni ma na daɗe ban sani ba, don mutumin ba ya ba da labarin kansa. Wata rana na tarar da shi yana cusa soso a tsakanin wasu fitilun gilashi na wata Hajiya, yana yi yana girgiza kwalin yana kasa kunne. Na ce, "Malam Dikko, kai dai ka cika tsanani. Teku fa za su bi, ba dutse ba." Ya ce, "Alhaji, na taɓa ɗaure abin da zai hau roka. Hannu ne ya saba." Na yi dariya, na zaci raha ce. Da na ga shi bai yi dariya ba, sai na jawo kujera.

Mahaifinsa tela ne a Tudun Wada, ya rasu Dikko yana shekarar farko a jami'a. Wanda ya riƙe shi wani malaminsu ne, Farfesa Aminullahi. Shi ya hana shi barin karatu, shi ya riƙa ba shi littattafai, wani lokacin har da tuwon dare. Da aka ba Farfesan babban muƙami a hukumar da ke kula da harkar sararin samaniya, shi ya sa sunan Dikko cikin waɗanda za a tura Ingila, alhali ga 'ya'yan manya sun yi layi. Har auren Dikko da matarsa Saratu, Farfesa ne ya karɓa masa. Sai an san wannan tukuna, in ba haka ba za a ce Dikko wawa ne, kuma ba wawa ba ne.

In yana ba da labarin shekarun farko har muryarsa takan canza. Ya ce a lokacin abu ake cewa yau, gobe an yi shi. Nasa aikin gwaji ne. A ɗora tauraron a kan wani teburi mai jijjiga, a girgiza shi irin girgizar da roka za ta yi masa, a sa shi a zafi, a sa shi a sanyi, a ga ko wani noti zai kwance. In ya kwance a ƙasa an gode Allah, don in ya kwance a sama babu mai hawa ya ɗaure. Aka harba, ya tashi lafiya, ya fara aiko da hotunan gonaki da koguna. Suka dawo gida ana ta ɗaukar su hoto. Duk sun sa a ransu cewa na gaba a gida za su haɗa shi da hannunsu, ba tare da wani Bature ya tsaya a kansu ba.

Na ce, "To me ya hana?"

Ya ce, "Tauraro yana da wa'adi, Alhaji, kamar batir. Ranar da ka harba ɗaya, ranar ya kamata ka fara aikin wanda zai gaje shi. Mu ranar da muka harba, walima muka fara."

Sauran bayanin a hankali na tsinto shi, yau kaɗan gobe kaɗan, a bakin kwantena. Saurin da aka yi da farko, in ji shi, ba na hukuma ba ne, na mutum ɗaya ne da na sama suke jin maganarsa. Da aka canza gwamnati sai masu jin maganar suka tafi. Waɗanda suka zo ba sa son ƙarasa ginin wani, kowa yana son abin da za a rubuta sunansa a jiki, shi kuwa tauraro in ka fara shi yau wani ne zai sha tafi. Kuɗin da ake warewa ba ƙarewa suka yi ba, hanya suka canza. Aka yi katanga, aka yi ƙofa mai kyau, aka buɗe rassa nan da can don kada wani yanki ya ce an bar shi a baya, aka cika su da ma'aikata, albashi ya cinye abin da ya kamata ya sayi kayan aiki. Teburin gwajin da aka yi musu alkawari bai taɓa isowa ba, amma ginin da za a ajiye shi an gama shi, har an yi bikin buɗewa da yanka kyalle.

Su kuma injiniyoyin aka yi ta ƙara musu girma. Wanda ya iya haɗa wayar da ta fi gashi siranta sai a ba shi ofis da kujera mai juyawa da tarin fayil. In sun zana sabon tauraro sai a kafa kwamiti ya duba. Kafin kwamitin ya gama an canza minista, sabon ya kafa nasa. Kafin a zo sa hannu, kayan da suka yi zanen a kansu an daina ƙera su a duniya, sai a koma farko. Dikko ya ce shi kansa ya manta sau nawa ya zana abu ɗaya.

Na ce wannan ai ci gaban mai haƙan rijiya ne. Shi kuwa ko a nan ba ya yarda a zagi kowa. Ya ce, "Ka yi musu adalci, Alhaji. Wani ya zo da maganar yunwa, wani ya zo da maganar tsaro, kai ka zo da maganar sama. Wa za a saurara? Kuma in tauraro ya makara babu mai fitowa zanga-zanga. Manomin da hoton zai amfana bai ma san ana ɗaukar gonarsa ba." Wannan halin nasa na nema wa kowa uzuri shi ya fi komai ba ni haushi a tattare da shi.

Ya yi shekara da shekaru yana zuwa ofis yana karanta jarida. Abokan tafiyarsa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi Kanada, wancan ya shiga kamfanin waya. Shi ya ƙi. Sai da Farfesa ya tashi yin ritaya, Dikko ya je yi masa bankwana, ya kai kukansa, ga yara sun fara tasowa ga albashi ba ya kai wata. Farfesa ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofar ofis ya ce, "Je ka ka nemi abin da za ka riƙe iyali. Amma kada ka ba kowa hannunka a wannan fanni, na ƙasarka ne. In lokaci ya yi ni zan kira ka."

Da wannan maganar ya sauka Dubai, shekara goma sha wani abu ke nan. Gari cike da kamfanoni masu neman irinsa, ya tsallake su duka ya zo wurina neman aikin ɗaure kwali, don kwali ba ya cikin fannin da aka hana shi. Bai kawo Saratu da yara ba, wai ba zama ya zo yi ba. Yana kwana a fulat ɗin haya tare da wasu samari 'yan Kano, a gado mai hawa biyu, mutumin da ya kusa aurar da 'ya. Ba ya sayen abin da ba zai shiga jaka ɗaya ba. Na taɓa ce masa ya zo mu haɗa hannu, in buɗe masa reshe ya riƙe, ya kawo iyalinsa su huta. Ya yi godiya har ya so ya ba ni kunya, sannan ya ce, "In aka kira ni fa, wa zan bar wa?"

Da labarinsa ya fita sai 'yan kasuwa suka samu abin tsokana. Wannan ya leƙo ya ce, "Injiniya, yaushe za mu wata? A ajiye mini kujerar gaba." Wancan ya ce, "In za ku tafi ku sanar da ni, ina da kwali biyu, nawa ne kilo?" Sai ya yi murmushi ya ce inshallah. Ranar da na'urar da Larabawan ƙasar nan suka aika ta isa duniyar Mars, gari ya ɗauka, aka haska benen nan da ya fi kowanne tsawo a Dubai da jan haske, muna kallo a talabijin ɗin sito bayan magariba. A tsaye ya kalla har ƙarshe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mun riga su farawa." Ranar babu wanda ya tsokane shi.

Yanzu bari in faɗi inda abin yake ci mini rai. Ni ɗan kasuwa ne, a Kwari na tashi, na san mene ne ubangida. Na yi wa nawa hidima tun ina ɗaukar dila a ka. Ban taɓa buɗe wata harka a bayan idonsa ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Amma abin ba gefe ɗaya ba ne, yaro yana da haƙƙi a kanka kamar yadda kake da shi a kansa. In lokacinsa ya yi sai ka tara mutane, ka ba shi jari, ka sa masa albarka, ka ce na sallame ka, je ka ka ci gashin kanka. Ubangidan da ya riƙe yaro har ya yi furfura bai sallame shi ba, kasuwa ce za ta yi da shi, in ya zo wucewa ta layi sai an nuna shi da baki. 'Yan boko sun ari rabin al'adar nan sun bar rabi. Sun karɓi durƙuson, sun karɓi "ranka ya daɗe", sallamar kuwa ba su san da ita ba, kuma a ofis babu 'yan layin da za su kunyata su.

Ana nan, bara wajen ƙarshen zafi, wata mata ta zo sito tana tambayar Injiniya Dikko. Sunanta Muhsinat, 'yar Ilori ce amma a Kaduna ta tashi, Hausarta ta fi tawa fita. Tare aka tura su Ingila, ita ce ƙaramarsu. Ita ba ta nemi iznin kowa ba, da ta ga zaman ya yi yawa ta ajiye musu aikinsu ta kama gabanta. Yanzu tana wani ƙaramin kamfani a nan Dubai da yake haɗa ƙananan taurari, irin waɗanda ba su fi kwalin takalmi girma ba. A bakin wata 'yar kasuwa ta ji labarinsa, ta ƙi yarda sai da ta zo ta gani da idonta. Da ta gan shi da igiyar ɗaure kaya a hannu sai ta juya baya ta goge ido da mayafi.

Bayan sun gaisa ta ce, "Yaya Dikko, mai kula da ɗakin gwajinmu zai koma ƙasarsu. Na ce musu ina da mutum. Ba sa son ɗaukar wanda ya haura hamsin, sai da na yi rigima da su suka ce to. Amma zuwa ƙarshen wata suke son amsa, in babu za su kawo wani, yana nan yana jira. Wallahi bayan wannan babu wata dama. Ni ma ba zan iya sake buɗe baki ba."

Ya ce, "Na daɗe ban taɓa ba. Abubuwa sun canza."

"Na'urori ne suka canza, noti har yanzu noti ne. Wata biyu ka kama komai. Yalla, yi sauri ka ce to mana."

Ya sunkuyar da kai ya ce sai ya ji daga bakin Farfesa.

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Wane Farfesa? Wanda ya yi ritaya tun yarinyata tana goye?"

Ni na ce ga waya nan, a kira shi yanzu. Ya ce ba a neman sallama a waya, kuma ba shi zai nema da bakinsa ba, sai dai wani babba ya nema masa. A nan na kasa musu, don haka ake yi, ni ma da na tashi neman tawa wani dattijo na tura. Kuma Allah ya sa Farfesa yana tafe a watan. Duk shekara yakan zo Dubai ganin likitan ido, duk shekara Dikko ne yake tarbo shi a filin jirgi, ya ɗaukar masa jaka, ya raka shi asibiti. Duk shekara sai ya tambaya a kaikaice, "Ranka ya daɗe, ya wajen namu?" Farfesa kuma ya ce, "Ana nan ana ƙoƙari." Da wannan guzurin Dikko yake ƙara wata shekarar. Na ce to, bana ni ne babban.

Muka same shi bayan la'asar a wani otal a unguwar Port Saeed ta nan Dubai, ɗakin yana kallon ruwa, ana hango jiragen katako ana loda musu firji da tayoyi. Na sa babbar riga a wannan zafin, na riƙo turare da dabino kamar mai zuwa neman aure. Farfesa tsoho ne mai fara'a, an rufe masa ido ɗaya da auduga, kuma in faɗi gaskiya na shiga da niyyar in tsane shi na kasa. Ya nuna wa Dikko kujera, Dikko ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

Aka gaisa, aka yi ya jiki, aka taɓa hirar ƙasa. Farfesa ya ce mini, "Alhaji, ɗan nan nawa yana ji da ku. Na ga alama harkar jigilar kaya ta karɓe shi."

Na ce, "Yallaɓai, maganarsa ce ma ta kawo ni." Na faɗi komai dalla-dalla, aikin, da wadda ta samo shi, da wa'adin da aka ba mu. Na ƙare da cewa alfarma muka zo nema, a sallame shi, a sa masa albarka.

Ya karkato da lafiyayyen idon ya dube ni. "Sallama? Wace irin sallama, Alhaji? Ai Dikko ba a hannuna yake ba."

Na ce maganar da kuka yi masa ce ranar bankwana. Ya ce wace magana? Sai Dikko, kansa a ƙasa, ya maimaita ta, bai ƙara ba bai rage ba, har da inda suke tsaye a lokacin.

Farfesa ya yi 'yar dariya irin ta wanda aka tuna masa wani abu na ƙuruciya. "Allah sarki! Ai duk wanda ya zo yi mini bankwana haka nake ce masa. To me zan ce muku? In ce ku watse, an gama? Baki ba zai iya ba." Ya dubi Dikko. "Kai wai ita ka riƙe? Ni na zaci kasuwancin ne ya yi maka daɗi."

Ban iya kallon fuskar Dikko ba, ƙafarsa na kalla, safarsa ta ɓule a dunduniya.

Raina ya ɓaci, amma a cikin ɓacin ran na ji wani sanyi. Na ce a zuciyata shi ke nan, an yi mai wuyar. Tunda ashe babu igiyar tun asali, kalma ɗaya ta rage, ya ce je ka Allah ya yi maka albarka, mu tashi. Kuma na ga tsohon ya gane abin da ya aikata, don dariyar ta ɗauke, ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Kunya ce ta kama shi. Sai dai manyanmu in kunya ta kama su ba haƙuri suke bayarwa ba, alkawari suke ƙarawa.

Ya gyara murya ya ce, "Amma ka san wani abu, Dikko? Ka zo a kan gaɓa. An kafa wani sabon kwamiti, har an tuntuɓe ni. Wannan karon da gaske ake. In aka tashi wa za a nema in ba irinka ba? Kai kaɗai ka rage wanda bai ba wasu hannunsa ba. Ka ɗan ƙara haƙuri mu ga kasafin baɗi."

Na ce, "Yallaɓai, mu fa kalma ɗaya muka zo..." Sai na ji hannun Dikko a kan ƙafata, ya danna.

"To, ranka ya daɗe," in ji shi. "Allah ya ƙara lafiya."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. Ya sa mana albarka mai tsawo, ta kasuwa da ta zuri'a da ta gamawa lafiya. Wadda muka zo nema ce kawai babu a ciki.

Ban yi magana ba sai da muka fito bakin ruwa, a nan na fashe. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Da kunnenka ka ji ya ce maganar fatar baki ce. Kwamitin nan ma ko akwai shi ko babu, Allah kaɗai ya sani. Jiran gawon shanu za ka koma? Khalas, an gama! In sallama kake so, ni ma ubangidanka ne, na sallame ka. Kada in ƙara ganinka a sitona."

Ya bari na gama, 'yan dako suna wucewa da kwalaye suna kallonmu. Sannan ya ce, "Alhaji, kai aiki ka ba ni, na kuma gode. Shi mutum ya mai da ni. Ka ga fuskarsa ɗazu? In na tashi na tafi yanzu, na ce masa ya cuce ni ke nan, a gaban baƙo, yana jinya."

Na ce, "To ba cutar ka ya yi ba?"

Washegari ya zo aiki kamar ban kore shi ba.

Na koma otal ɗin ni kaɗai, ba turare ba dabino. Farfesa ya karɓe ni da fara'a, ya ce, "Ni fa ban hana shi ba, Alhaji, shawara na ba shi." Na ce to a kira shi a ce masa je ka, kalma biyu ce. Ya ce inshallah zai kira. Har Dikko ya kai shi filin jirgi ya ɗaukar masa jaka bai faɗa ba. Na sa maiɗakina ta kira Saratu a Zariya, ko ita zai ji tata. Ta ce a gaya wa Alhaji an gode, amma ita ta yi magana har bakinta ya gaji, yanzu addu'a kawai take yi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Kara ce, na sani, ni ma a kanta aka raine ni. Amma ba kara ce kaɗai ba. In ya yarda magana ta biyu iska ce, ya yarda ta farko ma iska ce, kuma a kan ta farkon ya bar matarsa tana tsufa ita kaɗai, 'ya'yansa suka girma suna ganin ubansu a waya. Mutum yana iya ɗaukar asarar da aka ja masa, amma ya ce shi ya ja wa kansa a kan gaisuwar bakin ƙofa, wannan ba ta ɗaukuwa. Da na ƙara dubawa sai na ga ai haka hukumar tasu ta yi ta tafiya. Na ƙasa ba ya iya ce wa na sama an tsaya, na sama ba ya iya ce wa na ƙasa an fasa, kowa yana rufa wa kowa asiri, taurarin kuma suna can sama suna cika wa'adinsu. Ban taɓa jin haushin kyakkyawar tarbiyya ba sai a kan Dikko, kuma har yau haushin bai tafi ba.

Ranar da wa'adi ya cika Muhsinat ta zo da kanta da tsakar rana, muna loda kwantenar Kano. Na riga na gaya mata yadda aka yi, don haka ba ta zo da rigima ba. Ta tsaya a bakin kwantenar, shi yana can ciki.

Ta ce, "Yaya Dikko, ban zo in ce ka karɓa ba. Mota tana waje, zo mu je ka ga ɗakin kawai. Akwai tauraro ɗaya a kan teburi, yau za a girgiza shi. Ka sa farar riga ka tsaya a gefe ka kalla, in dawo da kai kafin la'asar. Wannan ai ba ba da hannu ba ne. Ko Farfesa ba zai ce ka saɓa masa ba."

Na ce, "Je ka mana, Injiniya. Kayan nan ba gudu za su yi ba."

Ya fito har bakin kwantenar, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi motar. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya sake gogewa, har na ɗauka saukowa zai yi.

Ya ce, "Muhsinat, Allah ya saka miki da alheri. In na shiga ɗakin nan na ji teburin ya tashi, ba zan iya dawowa nan ba. Kuma nan zan dawo."

Ta daɗe a tsaye a cikin ranar nan. Sannan ta ciro waya ta ce wa mutanenta su kira ɗayan da yake jira. Shi kuma ya koma ciki, ya ce a miƙo masa kwali na gaba.